Na sha maganin ƙarfin maza, na wayi gari da duhu a ido ɗaya

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni direban babbar mota ne, shekaruna 54, kuma shekara shida ke nan ina fama da ciwon suga da hawan jini. Tun da na ƙara aure bara na lura ƙarfina ya ragu, sai wani abokin aikina ya nuna mini ƙwayar sildenafil mai lamba 100 da ake sayarwa a kemis. Idan na sha nakan ga komai ya yi shuɗi-shuɗi, fitilun motoci kuma suna kashe mini ido, amma kafin gari ya waye abin ya wuce. Wani lokaci nakan sha biyu, ko in haɗa da zumar maza. Kwana huɗu da suka wuce na tashi da asuba na ga rabin ƙasa na idona na hagu ya yi duhu kamar an saki labule, babu zafi, babu ja, kuma har yau bai washe ba. Abokina ya ce shuɗin nan ne bai gama fita ba, in ƙara haƙuri. Ina jin kunyar gaya wa likita abin da na sha. Shin in jira? Kuma zan iya ci gaba da shan maganin idan na rage yawansa? Daga wani direba.

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malam. Allah ya ba ka lafiya, ya tsare maka ganinka. Kada ka ƙara jiran ko da kwana ɗaya. Ka ajiye ƙwayar nan da zumar gaba ɗaya, ka ajiye tuƙi, ka nemi wanda zai raka ka wurin likitan ido yau ɗin nan, kuma ka tafi da kwalin maganin da robar zumar a aljihunka. Abokinka ya haɗa abubuwa biyu da ba su da alaƙa da juna, domin shuɗin da kake gani da dare yana da nasa dalili, duhun da ka tashi da shi da asuba kuma yana da nasa, kuma na biyun ne yake iya raba mutum da idonsa.

Bari in fara da shuɗin, saboda shi ne ya ruɗe ku. Sildenafil, wanda kamfanin Pfizer ya fitar da sunan Viagra kuma hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a shekarar 1998, asalinsa an yi ta gwada shi ne a Birtaniya don ciwon ƙirji na masu matsalar zuciya, kafin a gano amfanin da ya yi suna da shi. Aikinsa shi ne ya danne wani sinadari na jiki da ake kira PDE5, wanda idan aka danne shi jijiyoyin jini suna saki, jini ya samu hanyar cika gaba. To, a cikin tantanin da ke can bayan ido, inda haske yake sauka ya zama gani, akwai wani sinadari ɗan'uwan wannan mai suna PDE6, kuma da shi ne ƙwayoyin gani suke aiki wajen karɓar haske da tantance launi. Sildenafil yana taɓa shi ma, ko da yake da rauni, kusan kashi ɗaya cikin goma na yadda yake taɓa na farkon. Wannan ɗan taɓawar ita ce take sa mutum ya ga duniya ta yi shuɗi, haske ya dame shi, ko ya kasa bambanta shuɗi da kore na ɗan lokaci. Abin yana bin yawan abin da aka sha: a gwaje-gwajen da aka yi kafin a fitar da maganin, mutum ɗaya zuwa uku ne cikin ɗari suke samun wannan a ƙananan awo na miligiram 25 da 50, amma a miligiram 100 adadin ya kai 11 cikin ɗari. Yayin da maganin yake fita daga jini, wanda rabinsa kan fita cikin kimanin sa'a huɗu, launin yana komawa daidai. Shi ya sa kake wayar gari ka ga ya wuce.

Duk da haka ba na so ka ɗauki shuɗin nan da wasa, musamman da yake ka ce kana shan biyu. Miligiram 100 shi ne iyakar abin da aka yarda mutum ya sha a yini guda, kuma yawancin mutane da 50 ake fara musu, wasu ma da 25. Ƙwaya biyu miligiram 200 ke nan, ninki biyu na iyaka, kuma ƙarin ba ya ƙara ƙarfin da kake nema, illa kawai yake ƙarawa. A shekarar 2020 wani likitan ido a birnin Adana na ƙasar Turkiyya ya wallafa labarin maza 17 da suka sha miligiram 100 a karon farko ba tare da takardar likita ba, suka zo masa da shuɗin gani da rashin jure haske da dishi-dishi waɗanda suka ƙi wucewa, wasunsu sai da suka kai mako uku kafin su warware. Kafin nan, a 2018, likitocin asibitin Mount Sinai da ke birnin New York sun ba da labarin wani matashi ɗan shekara 31 da ya sha sildenafil na ruwa da ya saya ta intanet, fiye da awon da aka rubuta, ya koma yana ganin komai ja-ja, kuma hoton tantanin idonsa ya nuna ƙwayoyin ganin launi sun lalace, abin bai gyaru ba har bayan shekara guda. Ga mai tuƙin dare kamarka, ko shuɗin sa'o'i kaɗan ɗin ma haɗari ne, domin idon da fitilar mota take kashewa ba idon da za a hau babbar hanya da shi ba ne.

Yanzu ga abin da ya sa na ce ka tashi yau. Yadda ka siffanta duhun nan, wato ido ɗaya, farat ɗaya, da tashi daga barci, babu ciwo, kuma rabin ƙasa ne ya tafi, ya yi kama ƙwarai da wata cuta da likitocin ido suke taƙaita sunanta da NAION. Ma'anarta ita ce jini ya gaza isa kan jijiyar gani, wato igiyar da take ɗaukar abin da ido ya gani zuwa ƙwaƙwalwa, a daidai wurin da take fita daga ƙwayar ido. Jijiyoyin jinin da suke ciyar da wannan wuri ƙanana ne sosai, kuma idan jinin ya ragu na wani lokaci, kan jijiyar yana kumbura, kumburin ya ƙara matse hanyoyin jinin, wani sashe na jijiyar ya mutu. Akwai mutanen da Allah ya halicci kan jijiyar tasu a matse, babu sarari a tsakiyarsa, kuma su ne suka fi shiga wannan haɗari, alhali mutum ba ya sanin haka yake sai likita ya leƙa cikin idonsa. Sauran abubuwan da suke jawo ta su ne wuce shekara 50, ciwon suga, hawan jini, yawan kitse a jini, shan taba, da irin minsharin nan da numfashi yake ɗaukewa a cikin barci. Uku daga cikin waɗannan ka ambata su da bakinka a wasiƙarka.

Dalilin da ake ganin ya sa ta fi bayyana da asuba shi ne, jinin yawancin mutane yana sauka idan suna barci. Sildenafil ma yana sauke jini kaɗan, kuma da dare aka fi shan sa. Idan mutum yana da jijiyoyin da suga ya riga ya raunana, ya sha maganin hawan jininsa da yamma, ya ɗora miligiram 200 na wannan ƙwaya a kai, sannan ya kwanta, to ya tara wa wannan ɗan ƙaramin wuri abubuwa da yawa a dare ɗaya. Tun a watan Yulin 2005 hukumar magunguna ta Amurka ta sa aka rubuta gargaɗi a takardar Viagra da ta wasu magungunan ƙarfin maza irinsa, wato Cialis da Levitra, cewa duk wanda ganinsa ya ragu farat ɗaya a ido ɗaya ko duka biyu ya daina sha ya nemi likita nan take. Wani bincike da aka wallafa a 2015 ya nuna haɗarin kamuwa da wannan cuta yana ninkawa kusan sau biyu a cikin ɗan lokacin da maganin yake jikin mutum. Wani kuma da masu bincike na Jami'ar British Columbia ta ƙasar Kanada suka fitar a 2022, bayan sun duba bayanan maza fiye da 200,000 masu shan irin waɗannan magunguna, ya sami ƙarin haɗari ga masu sha a kai a kai, na wannan cuta da toshewar jijiyar jinin tantanin ido da taruwar ruwa a ƙarƙashinsa.

Adalci ne in faɗa cewa cutar ba ta da yawa. A cikin maza 100,000 da suka wuce shekara 50, waɗanda take kamawa a shekara ba su cika wuce goma ba, kuma miliyoyin mutane suna shan wannan magani bisa umarnin likita ba tare da idonsu ya sami komai ba. Ciwon suga da hawan jini su kaɗai ma sun isa su kawo ta ga wanda bai taɓa ganin ƙwayar ba. Ba ina so masu karatu su tsorata da maganin da likita ya auna su ya rubuta musu ba ne. Amma lissafin mutum dubu ɗari ba ya amfanar wanda abin ya riga ya same shi, kuma kai yanzu maganar da ke gabanka ita ce ta idonka na dama.

Ina faɗin haka ne saboda gaskiyar da ba zan ɓoye maka ba: idan likita ya tabbatar wannan cuta ce, har yau babu wani magani ko aiki da aka tabbatar yana dawo da sashen jijiyar da ya mutu. Kusan mutum huɗu cikin goma sukan sami ɗan sauƙi da kansu a cikin wata shida, su iya karanta abin da da farko ba sa iyawa, amma duhun gefen yakan zauna. Abin da ya fi muhimmanci shi ne, wanda ta kama masa ido ɗaya, kimanin 15 cikin ɗari tana kama ɗayan a cikin shekara biyar, domin idanun mutum biyu yawanci ƙirarsu ɗaya ce. Saboda haka amsar tambayarka ta biyu ita ce a'a. Rage yawan ƙwayar ba mafita ba ce, kuma a ƙasashen Turai takardar maganin ta hana shi ƙarara ga duk wanda ya taɓa rasa gani a ido ɗaya ta wannan hanya, ko maganin ne ya jawo ko ba shi ba. Wani zai iya ce maka ka koma tadalafil, wato Cialis, tunda shi ba ya kawo shuɗi. Gaskiya ne ba ya cika taɓa sinadarin ganin launi, amma gargaɗin jijiyar gani ya hau kansa daidai da sauran, ga shi kuma yana daɗewa a jiki har kimanin sa'a 36.

Za ka iya cewa, to idan babu magani, gaggawar ta mece ce? Gaggawar ita ce, akwai wasu cututtuka da suke zuwa da irin wannan labule, waɗanda kuma ake iya ceto ido daga gare su idan an zo da wuri. Tantanin bayan ido yana iya ɓallewa daga mazauninsa, kuma wannan aiki ake yi masa, kowane kwana da aka ƙara yana rage nasarar aikin. Jijiyar jini a cikin tantanin tana iya toshewa, wanda wani lokaci gargaɗi ne cewa shanyewar ɓarin jiki tana tafe. Mai ciwon suga na shekara shida yana iya samun zubar jini a cikin ido. Akwai kuma wani kumburin jijiyoyin jini na gefen kai da yake kama waɗanda suka manyanta, wanda idan ba a fara maganinsa da sauri ba yana iya cinye ido na biyu cikin kwanaki. Idan kana jin ciwon kai a gefen goshi, ko muƙamuƙinka yana gajiya da ciwo idan kana tauna, ko fatar kanka tana zafi idan ka taɓa, ka faɗa wa likita tun kafin ya tambaye ka. Wanda ya leƙa cikin idon da na'ura ne kaɗai zai rarrabe waɗannan, kuma mai sayar da tabarau ko mai kemis ba su da abin yin haka. Ka nufi asibitin da yake da sashen ido da ƙwararren likita, irin Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, ko asibitin ido na ECWA da ke Kano, ko sashen ido na asibitin koyarwa mafi kusa da kai. Za a sa ka karanta allo, a haska maka fitila a ga yadda ƙwayar idon take amsawa, a auna hawan jinin ido, a ɗiga maka magani mai buɗe ido don a ga jijiyar, wataƙila a yi maka gwajin faɗin gani da hoton jijiyar da gwajin jini. Maganin ɗigawar yana sa gani ya yi dishi-dishi na wasu sa'o'i, shi ya sa na ce ka tafi da ɗan rakiya.

Sai maganar kunya, wadda na ga ita ce ta riƙe ka kwana huɗu a gida. Na fahimce ka, Malam, domin wannan ba magana ba ce da dattijo mai iyali yake son furtawa a gaban wani, balle idan likitan sa'ar ɗansa ne ko mace ce. Amma likitan ido yana jin irin wannan bayani a kai a kai, kuma aikinsa ya ɗora masa riƙe sirrinka. Idan bakinka ya yi nauyi, ka miƙa masa kwalin kawai ka ce ga abin da na sha, guda nawa, da ƙarfe nawa, a daren da abin ya faru. Ka gaya masa kuma sunayen magungunan suga da na hawan jinin da kake sha da lokacin da kake shan su. Idan ka ɓoye, zai yi ta neman dalili a inda babu, kuma babu wanda zai gargaɗe ka game da abin da zai iya taɓa ɗaya idon.

Zumar nan ma tana bukatar a tsaya a kanta. Da yawa daga cikin abubuwan da ake tallatawa a tasha da kasuwa da sunan maganin gargajiya na maza, ko zuma, ko shayi, ko kofi, idan aka kai su ɗakin gwaji sai a tarar an zuba musu sildenafil ko tadalafil a ɓoye, ba tare da an rubuta a jiki ba, kuma babu wanda ya san awon da ke ciki. A shekarar 2022 hukumar magunguna ta Amurka ta aika wa wasu kamfanoni takardar gargaɗi a kan zumar da aka samu da waɗannan sinadarai, hukumar NAFDAC ma ta sha jan kunnen jama'a a kan kayan ƙarin kuzarin da ba su da rajista. Ma'ana, daren da ka haɗa ƙwaya da zuma, mai yiwuwa ne ka sha magani iri ɗaya sau biyu ko sau uku kana zaton ɗayan na itatuwa ne. Wannan ya fi zama haɗari ga masu shan maganin ciwon ƙirji irin su isosorbide da nitroglycerin, domin haɗuwarsu da sildenafil tana iya faɗar da jini har mutum ya suma ko ya rasa ransa. Haka nan masu shan wasu magungunan cutar ƙanjamau irin ritonavir, wanda yake hana jiki fitar da sildenafil har ya taru ya ninka, da masu cutar sikila, da masu dundumin gado wanda yake cin tantanin ido a hankali, duk bai kamata su kusanci ƙwayar ba sai da izinin likita.

Game da tuƙi, na san da shi kake ciyar da gida, kuma ba ƙaramin abu ba ne a ce wa direba ya ajiye mota. Sai dai rabin ƙasa na gani shi ne wanda kake ganin yaro da shi idan ya gilma kusa da taya, da ɗan acaɓa da ya matso gefenka, da bakin kwalta. Idon dama yana rufe wani ɓangare na giɓin, shi ya sa za ka ji kamar kana iyawa, amma gwajin faɗin gani ne zai nuna ko gaskiya ne. Ka bari likita ya yanke wannan hukunci bayan gwajin.

Matsalar da ta kai ka kemis tun farko ba za a bar ta haka ba, kuma tana da hanyoyi. Raunin gaba ga mai shekara 54 da ciwon suga yawanci alama ce cewa suga da hawan jini sun fara cin ƙananan jijiyoyin jini da jijiyoyin da suke kai saƙon ji, kuma sau da yawa yana riga ciwon zuciya bayyana da wasu shekaru. Cutar da ta taɓa gabanka da wadda ake zargin ta taɓa idonka tushensu ɗaya ne. Don haka bayan likitan ido, ka koma wurin likitan da yake duba sugarka a yi gwajin da yake nuna matsakaicin suga na wata uku, a auna kitsen jini, a duba ƙoda da zuciya. Ka tambaye shi ko cikin magungunan hawan jininka akwai mai rage ƙarfi, domin wasu irin su atenolol da wasu masu sa fitsari suna yin haka, kuma ana iya canza su, amma kada ka daina ko ɗaya da kanka. Idan kana shan taba ka bari, idan kuma iyalinka sun ce kana minshari har numfashinka yana tsayawa, ka faɗa. Likitan mafitsara yana da wasu hanyoyin da ba sa bi ta wannan ƙwaya, kamar na'urar da take jawo jini zuwa gaba da kuma allurar da ake koya wa mutum yi wa kansa, kuma shi zai zaɓa maka wadda ta dace da jikinka.

Ina kuma ba ka shawara ka sanar da iyalinka, uwargida da amarya, gwargwadon abin da za ka iya, cewa ciwon suga ne ya taɓa ka kuma kana neman magani. Yawancin abin da yake tura maza ga ƙwaya biyu a dare ɗaya tsoron kada a ga gazawarsu ne, alhali matar da ta san lalura ce takan yi haƙuri ta kuma taimaka da abinci da tunatar da shan magani. Abokin aikinka ma ka gaya masa abin da likita ya ce, tunda shi ma yana sha kuma yana nuna wa wasu. Ka rufe idonka na hagu da tafin hannu kowace safiya ka duba na dama shi kaɗai, kuma idan ka ga ko ɗan canji a cikinsa ka koma asibiti a ranar. Allah ya sawwaƙe, ya sa a dace da likitan da zai duba ka, kuma ka rubuto mana abin da aka gano.